MASKI: BABBAN KIFIN DA KE ƁULLA INDA BA A ZATA BA

Daga Wakilinmu na Arewa

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen kasuwa da na siyasa, mu haye teku zuwa ƙasashen Amurka da Kanada, mu ji labarin wani kifi. Kada wani ya ce ina ruwanmu da kifin Turawa. In ka yi haƙuri ka kai ƙarshe, za ka ga zancen bai yi nisa da gida ba.

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2022 wani masunci ya shiga ƙaramin jirginsa a tashar jiragen ruwa ta birnin Toronto, birni mafi girma a Kanada, wanda ke bakin Tafkin Ontariyo. Ya saki fatsa yana ja a hankali, dogayen benaye na kallonsa. Abin da ya fita nema wani kifi ne da suke kira faik, wanda ba shi da wuyar samu a wurin. Can sai ya ji an fizgi zare da ƙarfi. Da ya jawo, sai ga wani dogon kifi da ya haura inci 40, baki kamar na agwagwa, haƙora zako-zako. Ba faik ba ne, maski ne. Ya ɗauki hoto, ya mai da shi ruwa, ya tafi abinsa.

Kafin kwana biyu hoton ya cika jaridu da talabijin na Kanada. To, me ya sa? Inci 40 ba wani abin a zo a gani ba ne wajen maski. Abin mamakin shi ne wurin da ya fito. An daɗe ƙwarai ba a san wannan kifi a gaɓar Toronto ba, alhali kuwa a ƙarni na 19 gidansa ne. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk lokacin da babban maski ya ɓulla a tafkin da ba a saba ganinsa ba, in ka bi diddigi za ka tarar da hannun mutum a ciki, ko hannun gyara ko na ɓarna.

WANE NE MASKI?

Cikakken sunansa maskilanj, amma masunta sun taƙaita shi suna cewa maski. Sunan ba Turanci ba ne, ya samo asali ne daga harshen Ojibwe, wata ƙabila ta ainihin mutanen ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Shi ne mafi girma a dangin faik. Asalin mazauninsa shi ne manyan tafkunan nan biyar da ke tsakanin Amurka da Kanada, da kogin Sen Lorens, da kogin Ohayo da rassansa, da ƙananan tafkuna na jihohin Wiskonsin da Minesota da Mishigan da lardin Ontariyo.

Jikinsa dogo ne kamar taɓarya. Wajen haƙora da mugunta, sai dai a kwatanta shi da tsage na kogunanmu. Ba ya yawon neman abinci barkatai. Yakan laɓe ne a gefen ciyawar ruwa ko gindin dutse, shiru kamar itace, sai abin ci ya gifta ya kai masa sura. Kifi shi ne yawancin abincinsa, amma ba ya ƙyale kwaɗi, da ɓerayen ruwa, har da 'ya'yan agwagwa. Mace ta fi namiji girma, saboda haka duk wani ƙaton maski da ka ji ana zancensa, kusan kullum uwa ce. Yana iya kai wa shekara 30 a duniya.

Yadda ake bambanta shi da ɗan'uwansa faik kuwa shi ne, faik jikinsa duhu ne da ɗigon fari, shi kuwa maski jikinsa haske ne da zane ko ɗigo mai duhu. In an yi gardama sai a birkice kifin a ƙirga 'yan ramukan da ke ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Faik ba ya wuce biyar a kowane gefe, maski kuwa daga shida ne zuwa tara.

KIFIN JIFA DUBU GOMA

Masuntan can sun yi masa laƙabi da kifin jifa dubu goma, watau sai ka jefa fatsa sau dubu goma kafin ka kama ɗaya. Ba wai an ƙirga ba ne, amma duk wanda ya taɓa nemansa ya san maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba. Dalili kuwa shi ne ko a tafkin da ya yi suna da maski, ba shi da yawa. Sau da yawa sai ka haɗa eka biyu ko uku ta ruwa kafin ka sami babba guda ɗaya. Haka Allah ya tsara, zaki ba ya yawa kamar barewa.

Su ɗin nasu ba irin namu ba ne na taru da birgi da mamari. Sanda ce mai ƙarfi da abin naɗe zare, sai koton ƙarya wanda aka sassaƙa da itace ko roba, ko kuma ƙarfe mai walƙiya da aka ɗaura wa gashin wutsiyar barewa. Wani koton ya kai tsawon ƙafa guda. Tsakanin zare da ƙugiya sai an sa waya ko wani zare mai kauri, in ba haka ba haƙoransa su datse shi nan take.

Abin da ya fi ba su haushi, kuma ya fi jan su, shi ne halinsa na biyo koto har gindin jirgi, ya tsaya yana kallo, sa'an nan ya juya ya nutse. Kifi na ganinka mai jar koma ke nan. Saboda haka suka ƙago wata dabara. In koto ya iso jikin jirgi ba a cire shi, sai a tsoma bakin sanda cikin ruwa a riƙa zana lamba 8 da shi. Da yawa daga cikin manyan maski a nan suke kai cafka, mutum na gani da idonsa.

A jihar Wiskonsin abin ya wuce wasa. Tun 1955 majalisar jihar ta ɗauki maski a matsayin kifin jiha. A wani ƙaramin gari da ake kira Hewad akwai gidan tarihin su, inda aka gina siffar maski mai tsawon ƙafa 143, mutane na hawa ta cikinsa su leƙo ta baki.

GARDAMAR SIKELI

Inda duk aka ce suna da kuɗi, to, gardama ba ta rasawa. A watan Yuli na 1949 wani marubucin labarin farauta da su mai suna Cal Johnson ya kama maski mai laba 67 da oza 8, watau kilo 30 da 'yan kai, a wani tafki kusa da Hewad. Wata uku bayan haka, a cikin Oktoba, wani mai suna Louis Spray ya kawo nasa mai laba 69 da oza 11. A 1957 kuma Art Lawton ya ce ya kama mai laba 69 da oza 15 a kogin Sen Lorens, aka ba shi kambi, ya riƙe shekara 35.

A 1992 aka sake duba hotunan kifin Lawton, aka ce girmansa bai kai yadda aka faɗa ba, aka soke shi daga littafin duniya. Daga nan masu rajista suka rabu biyu. Gidan tarihin Hewad ya tsaya a kan kifin Spray, ita kuwa babbar ƙungiyar masu fatsa ta duniya, wadda ke jihar Fulorida, ta ɗauki na Johnson. Kifin Spray da aka busar aka ajiye ya ƙone a gobara tun 1959, saboda haka babu abin aunawa sai hoto. Na Johnson yana nan a Hewad cikin gilashi, kuma shi ma bai tsira daga masu shakka ba.

Wannan ne ya sa a yau in ka ce ka kama maski a tafkin da ba a san shi ba, ba wanda zai saurare ka sai da hoto, da tsawo, da kauri, da shaidu.

INDA AKA KORE SHI, YA DAWO

Mu koma Toronto. Maski ba ya gina sheƙa, ba ya kuma gadin ƙwansa. In ƙanƙara ta narke, ruwa ya ɗan yi ɗumi kamar digiri 10 zuwa 15, uwa da namiji sukan shiga wurin da ba zurfi, mai ciyawa, ta watsa ƙwai dubbai, su yi tafiyarsu. In laka ta rufe ƙwan, ya mutu. In babu ciyawa, 'ya'yan ba su da maɓoya. Ga kuma faik, wanda ke riga shi yin ƙwai, saboda haka kafin 'ya'yan maski su ƙyanƙyashe, na faik sun yi wayo, sai su bi su suna haɗiyewa. Watau kifin da ya fi kowa ƙarfi in ya girma, shi ne ya fi kowa rauni yana jariri.

A da can akwai wata ƙatuwar fadama a gabashin tashar jiragen Toronto, inda kogin Don ke shiga tafki. Daga wajen 1912 aka shiga cike ta da ƙasa don a gina masana'antu da wurin sauke kaya. Ƙazantar gari kuma na kwarara cikin ruwa, masu taru na kwasa. Ba wanda ya zauna ya ce a kashe maski. Ɗakin haihuwarsa kawai aka rushe, shi ke nan ya ɓace.

A 'yan shekarun baya hukumomin birnin sun juyo. An rage ƙazantar da ke shiga tafki, an sake yin ƙananan fadamu a gaɓa, an dasa ciyawar ruwa, har an haƙa wa kogin Don sabon baki. Gidajen maski mafi kusa da aka sani su ne kogin Nayagara, kimanin mil 30 a ƙetaren tafkin, da kuma kogin Sen Lorens can gabas. Kifi ɗaya ba ya nuna cewa zuriya ta dawo. Amma ya nuna cewa baƙo ya zo, ya sami abin ci, ya ga wurin zai zaunu.

A Girin Be, wani babban lungu na Tafkin Mishigan a jihar Wiskonsin, labarin ya fi haka nisa. Nan ma maski ya ƙare tun tsakiyar ƙarni na 20, saboda yawan kamu da dattin masana'antun takarda da ke bakin kogin Foks. A 1989 ma'aikatar albarkatun ƙasa ta jihar, da taimakon ƙungiyoyin masunta, ta fara ƙyanƙyasar ƙwan da aka samo daga jihar Mishigan tana zubawa. Aikin yashe guba daga gindin kogin Foks kuwa sai a 2020 aka gama shi, bayan ya ci fiye da dala miliyan dubu. Yanzu Girin Be na cikin wuraren da ake zuwa daga nesa don neman ƙaton maski, kuma doka ta hana ka tafi da wanda bai kai inci 54 ba. Duk da haka hayayyafar da yake yi da kansa kaɗan ce, har yanzu da zubi ake tallafa masa. Rushewa ta yi sauƙi, gini ya ƙi ƙarewa.

Haka nan a Tafkin Simko, arewa da Toronto, inda masu kamun sayarwa da lalacewar gaɓa suka gama da shi tun farkon ƙarni na 20. A 2005 aka fara aikin mai da shi, aka kuma rufe kamunsa a tafkin don a ba shi dama ya kafu.

INDA AKA KAI SHI DA GANGAN

Kashi na biyu su ne tafkunan da hukuma ta zuba shi da niyya. A Tafkin Mil Laks na jihar Minesota, maskin da ake kamawa a yau na zubi ne. A daren 22 ga Nuwamba 2021, sanyi ya yi tsanani har sai da suka fasa ƙanƙara kafin su saka jirgi, wani saurayi da abokansa suka kama uwa mai laba 55 da oza 14, kilo 25 da ɗoriya. Niyyarsu su sake ta. Sun daɗe suna riƙe da ita cikin ruwa don ta farfaɗo, ba ta farfaɗo ba. Washegari suka yi ta neman sikelin da hukuma ta yarda da shi wanda zai ɗauke ta, daga ƙarshe sai a wani kantin aika kaya aka auna ta. Ta karya kambin jihar na laba 54, wanda ke tsaye tun 1957, shekara 64 ke nan.

Akwai kuma wata dabara. In aka haɗa maski da faik sukan haifi wani barbarar yanyawa mai zane kamar damisa, wanda ba ya haihuwa, kamar dai alfadari. Shi ake kai wa jihohin yamma, inda ba a taɓa sanin maski ba. A 2003 jihar Niyu Meziko, ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, ta zuba shi a Tafkin Buluwata, don ya cinye jan kifin nan na ado da waɗansu kifaye da suka cika tafkin suka hana sauran sakat. Ya yi aikin da aka sa shi, mutane kuma suka shiga kama manya-manya a wurin da kakanninsu ba su taɓa jin sunan kifin ba. Hikimar ita ce, tun da ba ya haihuwa, ranar da aka daina zubi, a hankali zai ƙare. Linzamin yana hannun mutum.

INDA YA SHIGA BA DA SALLAMA BA

Kashi na uku shi ne mai ban tsoro. A 1970 gwamnatin lardin Kwibek na Kanada ta zuba maski a wani ƙaramin tafki da ke kan iyakarta da jihar Men ta Amurka. Kifi bai san iyaka ba, ba ya kuma neman fasfo. Ya bi rafin da ke fita daga tafkin, ya faɗa kogin Sen Jon, ya bazu cikin tafkunan da ke haɗe da shi. Masuntan Men, waɗanda suka gāji kamun ƙananan kifayen ruwan sanyi irin su tarawut da salmon, sai suka fara jawo wani dodo da ba su san shi ba. Inda duk ya kafu, kifayen gado suka ja baya.

Yau a jihar Men ba a ƙayyade girma ko yawan maskin da mutum zai kama ba, domin hukuma ba ta ɗauke shi ɗan gida ba. Kifin da ake lallashi kamar jariri a Wiskonsin, a Men baƙo ne da ya fi ƙarfin mai gida. Mutanen garin Fot Kent dai sun ga ba yadda za su yi, suka mai da abin gasa ta shekara-shekara, baƙi na zuwa, 'yan kasuwa na samu. Amma ma'aikatan kifi ba su daina fargabar ranar da zai haye magangarun ruwan da suka tare shi ba, ya shiga sauran tafkunan da suka rage.

Wannan labari mun san irinsa a Afirka, kuma da kifinmu aka yi shi. Giwan ruwa ɗan gida ne a Tafkin Chadi da kogin Kwara da Binuwai, yana zaune da karfasa da tarwaɗa da kurungu tun fil azal, bai ƙarar da kowa ba. Amma a shekarun 1950 aka ɗauke shi aka zuba a Tafkin Biktoriya na Afirka ta Gabas, inda babu shi. Ya yi shiru shekara da shekaru, sai a shekarun 1980 ya yi ambaliya. Aka sami kifin sayarwa Turai, aka kafa masana'antu, amma ƙananan kifayen tafkin kimanin iri 200, waɗanda babu su ko'ina a duniya sai nan, suka ɓace. Kifi ɗaya ne, a gidansa albarka, a gidan wani annoba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Abin da ya fi taimakon maski a ƙasarsa ba gidan ƙyanƙyasa kaɗai ba ne, canjin hali ne. A da in an kama babba, harbe shi ake yi da ƙaramar bindiga ko a buge shi da kulki, a rataye a ƙofar kanti. A 1966 waɗansu masunta a Minesota suka kafa ƙungiyar masu kamun maski, 'yan'uwansu na Kanada suka bi sahu a 1978. Suka yi ta wa'azi cewa uwar da ta kai inci 50 ta shekara goma sha biyar ko fiye tana girma, kuma ita ce mai ƙwai mafi yawa. In ka kashe ta, ba kifi ɗaya ka kashe ba. Yau mafi yawan maskin da aka kama, aunawa ake yi a ɗauki hoto a sake shi.

Na san wani zai ce, Malam, waɗannan ƙoshi ne ya dame su, mu kuwa da kifin muke ci da iyali. Gaskiya ne. Basarken Yawuri ko masuncin Baga ba zai kama giwan ruwa ya sumbace shi ya mayar ba, kuma ba wanda ya ce ya yi haka. Amma barin ruwa ya huta ba Bature ne ya koya mana ba. A Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, al'ada ta hana taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da aka ba da izini, kuma akwai Sarkin Ruwa da ke tsare wannan doka. Shi ya sa ake fito da irin kifin da ya ci gasar 2005, mai kilo 75, wanda ya ninka maskin Spray fiye da sau biyu. Da kullum ake shiga da homa, da ba a ga irinsa ba.

'Yan'uwanmu da ke sana'ar banda a kasuwannin Anacha da Ikko da Ibadan ba sa bukatar a gaya musu halin da ruwa ke ciki, suna ganinsa a cikin kwali. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Wannan ikon Allah ne. Amma taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'ya tun ba su yi ƙwai ba, da zuba maganin ƙwari a rafi don kifi ya taso, da cike fadama a yi gini, waɗannan aikin hannunmu ne. Kuma mai saye yana da baki a ciki. Muddin dillali na karɓar kifin da bai kai yatsa ba, masunci ba zai daina kamo shi ba.

Mutanen Toronto sun cike fadamarsu cikin 'yan shekaru, sa'an nan jikokinsu suka yi ta kashe kuɗi, har ranar da kifi ɗaya tak ya leƙo suka yi ta murna kamar an yi haihuwa. Mu namu giwan ruwan yana nan tukuna. Allah ya ba mu ikon riƙe shi tun yana hannu, amin.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.